Saƙon Murya Da Ya Tashi Azuzuwanmu

A zangon karatun da ya wuce, wata ranar Talata da sassafe, wani saƙon murya ya faɗo zauren WhatsApp na malaman yankinmu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya ce a ranar za a tantance ma'aikata, kuma duk wanda bai bayyana da takardunsa kafin azahar ba, to ya yi bankwana da albashin wata. Kafin a tashi tara babura sun kama hanya. Yara suka watse, wasu gona, wasu talla. Da aka isa sakatariya sai aka tarar babu wanda ya san da maganar. Kowa ya ƙona man da zai kai shi makaranta mako guda, ya dawo da ƙura a ka.

Ba don cin fuskar kowa muka kawo wannan ba, domin har da wasunmu a cikin ayarin. Malamin da sunansa ya taɓa ɓacewa daga jerin albashi, ya yi watanni yana safa da marwa kafin a gyara, ba a zarge shi da rawar jiki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Sai dai wanda ya shirya saƙon ya san da wannan tsoro namu, kuma da shi ya kora mu.

Iyayenmu sun rayu a zamanin da labari ke da ƙofa ɗaya: shelar dagaci, sai rediyo a kan kunyar gona. Ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, kuma cikin aikinta har da kashe jita-jitar da ke yawo gab da yaƙin duniya na biyu. Ta yi wa Hausa hidimar da ba a mantawa, amma mai kuɗin bugawa shi ke zaɓen abin da za a ji. Da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, wasu tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya, talaka ya sami bakin magana. Ba a jima ba kuma masu hali suka gane cewa ana sayen fili, sojojin baka suka cika dare da yabo da zambo. A ƙirga mintocin da ake ɓatawa kan wane ya zagi wane, a gwada da waɗanda ake ba ajin da ke yoyo a Makoɗa ko Kunci.

Toshe ƙofa ma bai ƙare ba. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga. A Mayun 2025 gwamnatin jiharmu ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin. Kowanne da hujjarsa, kuma mu ma zagin da ake yi a rediyo ya ishe mu, to amma wuƙar da ta yanke bakin mai zagi ba ta san mai ƙorafi ba.

Abin da ya fi damunmu a yau shi ne ambaliya. Ba sai an ɓoye maka gaskiya ba, a jefa ta cikin saƙo ɗari ya wadatar: wa'azi, tallan magani, bidiyon rikicin wata ƙasa da aka liƙa wa sunan garinku, sanarwar ƙarin girma ta ƙarya. Mutum ya gaji da tacewa, ya koma yarda da duk abin da ya dace da fargabarsa. Mun ga hakan a Agustan 2014, da aka tashi mutane cikin dare su yi wanka da ruwan gishiri su sha don tsoron Ebola. Mun ga abin da ya fi haka ciwo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Wasu yaran da suka shanye a lokacin yau magidanta ne, muna haɗuwa da su a kasuwar Dambatta.

A ƙauye maganar malami tana da nauyi. In mun tura saƙo, ba a tambayar daga ina ya fito. "Malam ne ya turo" ya gama magana. Wannan nauyin shi ne ƙarfinmu, kuma tashoshin sun sani, domin babu gidan rediyon da zai rayu in masu sauraro suka juya akala. A Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wa ya fi mu sanin inda aikin ya iso da inda bai iso ba? Mu muka san yawan yaran da ke zaune a ƙasa, da ajin da ake tashi da zarar hadari ya haɗo.

Don haka reshe yana kira ga mambobi da iyalansu. Sanarwar tantancewa, albashi ko ƙarin girma, in ba ta zo a rubuce daga SUBEB ko ofishin sakataren ilimi ba, kada kowa ya bar aji saboda ita, kada kuma ya tura ta gaba. A kira sakataren reshe tukuna. Kowane wakilin makaranta ya kawo mana ƙidayar ɗalibai, kujeru da rufin da ya lalace kafin taron wata mai zuwa. Da waɗannan alƙaluma shugabannin reshe za su shiga shirye-shiryen da ake buɗe layi ga masu sauraro, da sunan ƙungiya, don kada a ware malami ɗaya a yi masa canjin wurin aiki na huce haushi.