Mai Son Harbin Nesa Ya Fara Daga Kusa

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakinmu daren wata Alhamis, bayan mun komo daga karatun dare. Wani abokin zamanmu ne ya nuna mana hoto mai motsi a wayarsa. Ga wani Bature nan kwance rub-da-ciki, ya gyara bindiga ya harba, aka yi jim, sa'an nan aka jiwo ƙarar farantin ƙarfe daga can wajen kilomita guda. Abokin nan namu ya buga cinya ya ce shi kam ya sami wasan da zai shiga, abin da ya rage masa kurum shi ne ya san irin bindigar da zai saya da kuɗinta. Wani kuwa daga kan gadonsa ya yi a'uziyya, ya ce a ƙasar da 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gonarsa, ɗalibi mai hankali ko kallon irin wannan hoto bai kamata ya yi ba. Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ra'ayina shi ne harbin nesa wasa ne na gaske, mai tarihi da ƙa'idodi, amma sayen bindiga shi ne matakinsa na ƙarshe. Wanda ya sa shi a farko ya ɓace tun daga ƙofar gida.

Bari mu fara da sanin inda wasan ya fito. A shekarar 1859 aka kafa Ƙungiyar Maharba ta Ƙasar Ingila, a lokacin da Ingilishi ke tsoron kada Faransa ta kawo musu hari. A 1860 suka yi gasarsu ta farko a filin Wimbledon, Sarauniya Biktoriya da kanta ta buɗe taron, ta ja wata igiya da aka ɗaura wa kunamar bindigar da aka riga aka saita, harsashi ya sami allo a nisan yadi 400. Ta kuma sa kyautar fam 250 ga gwanin gwanaye. A 1890 aka mai da gasar Bisley, a yankin Surrey, kuma can ake yin ta har yau. Mutum ɗari ne ke kaiwa zagayen ƙarshe, kowa ya yi harbi goma sha biyar a yadi 900, goma sha biyar a yadi 1,000, wanda ya ci kuwa a ɗora shi bisa kujera a ɗauke shi a kafaɗa. A 1930 wata mace mai suna Marjorie Foster ta cinye wannan kyauta a tsakiyar maza, abin da ya nuna ƙarfin damtse ba shi ne jarin wasan ba. Daga Ingila wasan ya bazu zuwa Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu da Kenya, har da ƙananan ƙasashe irin su Jamaika da Guyana.

To, mene ne wuyar abin? Yadi 1,000 daidai yake da mita 914. Da'irar tsakiyar allon Bisley, wadda samunta ke ba da cikakken maki, faɗinta inci 24 ne, watau kamar faɗin babban faranti na tuwon biki. A gasar gargajiya ba a yarda da madubin hangen nesa a kan bindiga ba, ba a kuma yarda a ɗora ta bisa wani abu ba. Maharbi yana kwance ne, gwiwar hannu a ƙasa, da maratayi ɗaure a damtsensa, yana leƙe ta wata 'yar huda. Harsashin da aka fi amfani da shi, mai lamba .308, yakan bar bakin bindiga da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa ɗaya, amma iska tana rage masa gudu, sai ya ci wajen daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa. A cikin wannan ɗan lokaci ƙasa tana jawo shi, har ya zama bindigar da aka saita domin yadi 100, in aka harba ta haka nan a yadi 1,000, harsashin zai faɗi kimanin mita takwas ƙasa da inda aka auna.

Wannan faɗuwa mai sauƙi ce, domin ana iya lissafa ta tun a gida. Maharba suna raba digiri ɗaya na kusurwa kashi 60, kowane kashi su kira shi minti. Minti ɗaya ya ɗara inci ɗaya kaɗan a yadi 100, ya kuma ɗara inci goma kaɗan a yadi 1,000. Da wannan ma'auni suke murɗa saiti sama ko ƙasa, dama ko hagu. Duk ɗalibin da ya ci jarrabawar lissafi ta sakandare zai gane wannan a zama ɗaya. Babbar abokiyar gaba ita ce iska mai ratsowa ta gefe. In tana kaɗawa da gudun mil goma a awa, wanda bai fi ya motsa ƙananan rassan itace ba, za ta iya karkatar da harsashin nan fiye da mita biyu. Ga shi kuma ba ta zama wuri ɗaya. Wadda ke kaɗawa a gaban maharbi dabam, ta tsakiyar fili dabam, kuma tana iya juyawa tsakanin harbi da harbi. Saboda haka za ka ga an jera tutoci a filin, maharbi yana duban yadda suke kaɗawa, yana kuma leƙa madubin da ke gefensa domin ya ga inda kawalwalniya ta nufa. Karatun iska ba a sayar da shi a kanti. Shekaru ake yi ana tara shi, ana kuskure ana rubutawa.

Wannan ya kawo ni ga kuskuren abokina na farko. Mutumin da bai iya riƙe numfashinsa ba, bai iya matsa kunama a hankali ba tare da ya girgiza bindiga ba, in ya kwanta a yadi 1,000 ya kuskure, ba zai taɓa sanin abin da ya sa ya kuskure ba. Iska ce? Hannunsa ne? Ko kuwa ƙiftawar da ya yi don tsoron ƙara? Dalilai sun cakuɗe, ba mai iya warware su, sai ya ɗora wa bindiga laifi ya tafi neman wadda ta fi ta tsada. Shi ya sa masu koyarwa suka fi son a fara da bindigar iska a nisan mita goma, a cikin ɗaki, inda babu iska babu ƙara, babu kuma dukan kafaɗa. Can in ka kuskure ka san kai ne. Kada kuwa wani ya raina wannan mataki. A gasar Olamfik, wurin maki goma a allon mita goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kuma a kansa ne Abhinav Bindra ya ci zinariya a Beijin a 2008, ya zama Ba'indiye na farko da ya ci zinariyar Olamfik shi kaɗai ba cikin ƙungiya ba.

Bayan wannan sai ƙaramar bindiga mai lamba .22, a mita 50, daga baya a ƙara nisa. Harsashinta ba shi da tsada, ba shi da nauyi, ba shi da gudu, don haka iska tana wasa da shi ƙwarai. Wanda ya koyi sarrafa shi a yadi 200 ya ɗanɗani kwatankwacin wahalar da ke jiransa a yadi 1,000, da kuɗi kaɗan. A duk wannan lokaci akwai abu guda da ba ya rabuwa da ɗan koyo, shi ne littafin rubutu. Kowane harbi ya rubuta inda ya sa saiti, da yadda ya ga tuta, da inda harsashi ya sauka. Sai ya cika littattafai kafin ya cancanci babbar bindiga, kuma ko a lokacin ma ta kulob zai ara tukuna. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na san za a ce ai yanzu akwai madubai da na'urorin lissafi da suka sauƙaƙe kome. Gaskiya ne akwai wani sashen gasa da ake kira ajin F, wanda aka sa wa suna saboda wani ɗan Kanada, George Farquharson, da tsufa ya rage masa gani da ƙarfin hannu, ya nemi a yarda wa irinsa su yi amfani da madubi da abin ɗora bindiga. Aka yarda, sashen ya karɓu. Amma da aka ga maki ya yawaita sai aka ƙanƙanta da'irar tsakiya, aka komo gidan jiya: wanda ya fi iya karanta iska shi ke ci. Madubi yana nuna maka allo, amma ba shi da ta cewa a kan abin da zai sami harsashi a hanya.

Sauran magana ita ce ta doka, kuma ita ce ta fi shafarmu. A Ingila, mai son shiga wasan sai ya nemi kulob wanda hukuma ta amince da shi, a sanar da 'yan sanda sunansa, ya yi aƙalla wata uku yana ɗan gwaji a ƙarƙashin idon manya kafin a karɓe shi. Farkon abin da za a koya masa shi ne ya ɗauki kowace bindiga a kan tana da harsashi, kada ya juya bakinta wajen mutum ko da wasa, kada yatsansa ya taɓa kunama sai ya shirya, kuma in shugaban fili ya ce a tsaya, a tsaya nan take. A nan Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigogin soja, har da masu harsashin milimita 7.62, wanda ɗan'uwa ne na kusa ga na Bisley, suna cikin waɗanda aka haramta, ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta da bindigar iska suna bukatar lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko bindigar toka ta mafarautanmu ba a bar ta sakaka ba. Saboda haka ɗalibin da ya bi ta bayan fage ya sayi bindiga da sunan wasa, kurkuku ya saya wa kansa, ya kuma jefa iyayensa cikin baƙin ciki.

Yanzu kuma ga amsata ga abokina na biyu, wanda na fi jin nauyin maganarsa. Ba ni da bakin cewa tsoronsa ba shi da tushe. Akwai ɗalibai a cikinmu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Kaduna waɗanda bindiga ta raba da iyaye ko ta tashe su daga garuruwansu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ina roƙonsa ya dubi abin da ya raba ɗan ta'adda da maharbin allo. Na farko ya sami makami ba da sanin kowa ba, ba wanda ke tambayarsa inda harsashinsa ya tafi. Na biyu sunansa yana hannun hukuma, ana ƙirga masa harsashi, yana harbi a fili mai tudun ƙasa a baya, kuma ranar da ya karya ƙa'ida ɗaya ranar zai bar kulob. Masifarmu ta zo ne daga makamai marasa rajista a hannun mutanen da ba su da mai kwaɓa. Kakanninmu ma sun san wannan, shi ya sa farauta take da sarkinta, yaro kuma yakan daɗe yana bin maharbi yana ɗaukar masa jaka kafin a miƙa masa baka. Duk da haka na yarda da shi a kan abu ɗaya: a halin da muke ciki, ba na goyon bayan a ajiye bindiga mai harsashi a hannun ɗalibi ko a ɗakin kwanansa, ko da sunan wane irin wasa ne.

To, me ya rage wa mai sha'awa? Abubuwa da dama, kuma ba wanda ke bukatar makami. Ya je wurin malaman kimiyyar fiziya ya koyi lissafin tafiyar abin da aka jefa. Ya fita filin ƙwallo da yamma ya riƙa kimanta gudun iska daga motsin ganye da ƙura, yana rubutawa. Wanda Allah ya nufa da ƙaro karatu a Ingila zai tarar jami'o'i da dama suna da kulob na harbi, har Oxford da Cambridge sukan kara da juna a Bisley. Ya shiga ta ƙofa, ya bi layi kamar kowa. Ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, shawarata ita ce kwamitin wasanni ya zauna da hukumar jami'a da 'yan sanda, a duba ko doka za ta yarda da ɗakin harbi na mita goma, da bindigogin iska waɗanda jami'a ce za ta mallaka ta kuma kulle, da mai koyarwa wanda ya san aikinsa. In an yarda, madalla. In an ce a dakata, mu dakata ba tare da ƙunƙuni ba, domin wanda ya kasa jiran izini ba zai iya jiran iska ta kwanta ba.

Abokina na farko har yanzu yana kallon hotunansa, amma na lura ya daina tambayar kuɗin bindiga. Shekaranjiya na same shi a bakin taga da takarda a hannu, yana duban reshen darbejiya yana ƙoƙarin faɗin gudun iska. Na ce masa to, yanzu ka shiga wasan. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo ranar da jin ƙarar bindiga ba zai sa uwa ta rungume ɗanta ba. Amin.