Yunwar Yara A Yau, Ciwon Suga A Gobe?

'Yan'uwa, a watan Afrilu na 2025 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, a taronta na Bankok, ta amince da wani irin ciwon suga da ta kira nau'i na 5, wanda tushensa yunwa ce tun daga ƙuruciya. Wannan magana ta shafe mu a Batsari da Safana fiye da yadda muke zato.

Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15, likitoci na ce da ita fankiriyas. Ba saifa ba ce, ko da yake mutanenmu kan haɗa su. Aikinta biyu ne. Tana tsiyaya ruwa mai ƙarfi cikin hanji domin narkar da mai da nama da tuwo, tana kuma sakin insulin cikin jini, wanda ke shigar da suga cikin tsoka. In ruwan nan ya fara aiki tun bai fita ba, sai ya shiga cin gaɓar kanta. Wannan ne kumburin: ciwo mai tsanani a saman ciki yana sokawa har baya, da amai. Manyan dalilansa tsakuwar maɗaciya ce da giya, kuma burukutu ma giya ce, kada mu ruɗi kanmu. Mai irin wannan ciwo asibiti yake bukata a ranar, ba jiƙo ba.

To amma fa abin da ya fi damun mu shi ne yaron da ya tashi cikin yunwa. Gaɓarsa kan kasa girma sosai, ya zama saurayi ramamme, insulin ɗinsa bai isa ba. Mu kuwa mun ɗauka suga ciwon masu ƙiba ne, sai mu ce sammu ne ko shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan ciwo a 1985, ta cire shi a 1999, saboda haka shekaru da dama ba a neme shi ba.

Yanzu mu dubi gida. 'Yan bindigar dajin Rugu sun raba manoma da gonakinsu shekara da shekaru. Ba mu manta da Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020 ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon 2025. Waɗanda suka tsira fa? Su ne za su kai shekara 20 wajen 2045, a ƙasar da kuɗin insulin ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar naira a 2023, kuma allurar ba ta jure zafi, ga ƙauyukanmu babu wuta.

Saurayi ko budurwa mai rama, mai yawan ƙishi da fitsarin dare, a kai shi a auna jininsa. A gaya wa likita in ya yi tamowa yana ƙarami, domin masu wannan nau'i insulin mai yawa kan sa sugansu ya faɗi ƙasa warwas.