Filin Kimiyya: Koren Ruwan Da Ake Sha Don Tsatsar Jiki

A makon jiya na shiga wani kanti a Ikko, na tarar da 'yan mata suna rububin wani koren ruwa a kwalba. Mai kanti ya ce mini ruwan ganye ne, yana hana tsufa. Da na duba takardar jikin kwalbar, sai na ga ashe rini ne mai suna kulorofilin.

Asalinsa kulorofil ne, watau sinadarin da ke sa ganye ya zama kore. Shi na ganye ba ya narkewa cikin ruwa, kuma a tsakiyar ƙwayarsa akwai wani ƙarfe da ake kira maganiziyam. A masana'anta sai a cire wannan, a sa jan ƙarfe a gurbinsa, a datse masa jela, ya koma gishiri mai narkewa. A Turai da lamba E141 aka san shi, ana rina alewa da shi.

To, ina zancen tsufa ya samo asali? Yadda iska ke sa ƙarfe tsatsa, ko ta ɓata man gyada idan ya daɗe, haka wasu ɓarɓashin sinadarai ke cin ƙwayoyin jikinmu. A ɗakin gwaji an ga wannan rini yana kama su. Lalle wannan gaskiya ne. Amma kwalbar gwaji daban, cikin mutum daban, har ma rinin kan juya ya haifar da irin wannan ɓarɓashi idan haske ya buge shi.

Aikinsa da ya fi ba ni sha'awa a Cidong ta ƙasar Sin aka gan shi, inda sankarar hanta ta yi yawa. Ɗaya daga cikin dalilan ita ce gubar afalatoksin, wadda funfuna ke zubawa a masara da gyada. Masanan Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka da takwarorinsu na Sin suka ɗauki mutum 180, rabinsu aka riƙa ba su miligiram 100 sau uku a rana har wata huɗu. Sakamakon ya fito a 2001: alamar ɓarnar gubar a fitsarinsu ta ragu da kashi 55 cikin ɗari. Abin da masanan suka fi kyautata zato shi ne rinin yana riƙe gubar tun a hanji, kafin ta isa hanta. Kuma alama kawai aka auna, ba a ƙidaya waɗanda suka tsira daga sankara ba.

Wannan guba kuwa ba baƙuwa ba ce a rumbunanmu. Gyadar da aka ɗura a buhu da danshi ita ce gidanta, ga shi dahuwa ba ta kashe ta. Kuɗin kwalba ɗaya na koren ruwan nan zai sayi tamfol da manomi zai shanya gyadarsa a kai, maimakon a ƙasa.