Ra'ayinmu: Taba Sigari Da Amanar Dashen Gaɓɓai

 

Sau da yawa idan aka yi wa mashayin taba nasiha sai ya ce jikinsa ne, ba wanda yake cutarwa sai kansa. To, ilimin likitanci ya rushe wannan hujja. A shekarar 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a Birtaniya kan dashen huhu 1,295 da aka yi daga 1999 zuwa 2010. A cikinsu 510 huhun mashaya taba ne. An gano cewa waɗanda aka dasa wa irin wannan huhu sun fi sauran mutuwa cikin shekara uku na farko. Wato mashayi ya rasu an binne shi, amma ɓarnar hayaƙinsa tana nan a ƙirjin wani bawan Allah wanda wataƙila bai taɓa kunna karan sigari ba.

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Binciken ya nuna cewa wanda ya karɓi huhun mashayi ya fi wanda ya zauna jira samun damar rayuwa, domin gaɓɓan da ake samu sun yi kaɗan. Wannan ya dace da ƙa'idar malaman fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu idan babu makawa.

Kada mu ɗauka zancen Turai ne kawai. Tun 2002 aka fara dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma a ƙasarmu mai rai ne ke ba da ƙodar, galibi ɗan'uwan majinyaci. Taba tana lalata jijiyoyin jini, ƙoda kuwa tarin ƙananan jijiyoyi ce. Shi ya sa likitoci ke umurtar mai bayarwa ya bar taba aƙalla mako huɗu kafin tiyata, kada kuma ya koma, tunda ƙoda ɗaya za ta rage masa.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharaɗin amfaninsa ya rinjayi cutarwarsa, ta kuma hana sayar da gaɓɓai. Ta yaya za a auna amfani da cutarwa idan mai bayarwa ya ɓoye wa likita cewa yana shan taba? Ɓoyewar ha'inci ce, ko da kunyar iyaye ce ta jawo ta. Haka kuma haƙƙin majinyaci ne a sanar da shi haɗarin kafin ya amince.

Muna kira ga malamai su shigar da wannan cikin wa'azinsu. Kai kuma matashi, jikinka amana ce. Wata rana mahaifiyarka ko ƙaninka na iya buƙatar ƙodarka, ka bar taba tun yau domin a same ta lafiyayya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace. Amin.