Hasashena kan taron Apple, daga nan Danja

'Yan uwa marubuta, duk shekara idan Yuni ya gabato sai shafukan fasaha su cika da hasashen abin da kamfanin Apple zai bayyana a taronsa. Tsohuwar al'ada ce, tun zamanin baje kolin Macworld inda Steve Jobs ya fito da iPhone a Janairun 2007.

Nawa hasashen ba sai an je wurin mai duba ba: za a sha maganar ƙirƙirarriyar basira, a yi tafi, a watse ba a ambaci Hausa ba. Siri har yau ba ta jin harshenmu.

Marubucin da ke danna labari a waya bayan ya dawo daga gonar tumatir ko rake, buƙatarsa daban ce. Yana son ya sami ƙ, ɗ da ɓ ba tare da lalube ba, da manhajar gyara da ta san baƙi ba baki ba ne, da batirin da zai kwana biyu in an ɗauke wuta.

Wayoyinmu ma galibi Tecno ne da Itel. In za mu matsa wa wani lamba, Transsion mai ƙera su ne ya fi kusa da aljihunmu.