Dala Nawa Ce Jaka?

Da zarar an ba da hutu, sai mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mu bi ta Zagga da Bagudo mu ƙetara Jamhuriyar Benin buɗe ido, wasu Segbana, wasu kasuwar Malanbil. Abin takaici, da yawa kan dawo an yashe musu aljihu.

Yaudarar ba ta da wani zurfi. A can, dala ɗaya sefa biyar ce. Dala 200 ita ce jaka, wato sefa 1,000. Ɗan kamasho ya san baƙo bai san wannan lissafi ba, sai ya shiga tsakani ya yanki rabonsa. Wani kuma ya tare mutum wai sai ya biya kuɗin biza, alhali yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya mai takardun tafiya kwana 90 ba biza.

Me ya sa ba a cika cutar fatakenmu da ba su jin Faransanci ba? Domin suna tambaya, mu kuwa girman kan boko ya hana mu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin mu ƙetara, mu zauna gaban farke mu ɗauki darasi.