Sabon Malamin Lissafi: Wa Ke Duba Aikinsa?

A kowace shekara, da zarar makarantun sakandare sun dawo daga dogon hutu, akan ga sabbin fuskoki a ofishin malamai. Wasu sun fito daga kwalejojin ilmi da takardar NCE, wasu kuma masu bautar ƙasa ne da aka turo bayan sun yi mako uku a sansani. Duk wanda aka ga takardarsa tana da ƙanshin lissafi, ko da injiniya ya karanta, sai shugaban makaranta ya yi hamdala, ya miƙa masa alli da jadawali, ya nuna masa ƙofar aji. Daga nan kuwa sai shi da halinsa.

To, kuskure kam ba makawa sai ya yi shi. Amma ya kamata jama'a su san cewa kuskuren sabon malamin lissafi iri biyu ne, kuma wanda aka fi yi wa dariya shi ne ƙaramin.

Ƙaramin shi ne na kan allo. Malam yana cikin warware aljabra, ya zo kan 7 − (x − 2), ya buɗe baka ya rubuta 7 − x − 2, alhali kuwa 7 − x + 2 ne daidai. Alamar ɗebewa guda ta sulluɓe masa, sai amsar ta ƙi yin daidai da ta bayan littafi. Wannan ba abin kunya ba ne, tsofaffin malamai ma suna yi. Abin dubawa shi ne yadda zai yi sa'ad da wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kamar akwai gyara a layi na uku." In ya tsaya ya bi aikin tare da ajin har aka gano inda alamar ta faɗi, lalle yaran sun ƙaru da darasin da ya fi wanda ya shirya, watau yadda mutum zai binciki aikinsa da kansa. In kuwa ya ji an ci masa fuska, ya daka mata tsawa ko ya ɗauko bulala, to ya rufe bakin ajin nan har ƙarshen shekara.

Babban kuskuren shi ne wanda ba a gani. Mutumin da ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a yana fama da manyan lissafai ya riga ya manta wahalar ƙanana. Sai ya tsallake mataki uku a layi ɗaya don a wurinsa a fili suke. Yana magana da allo, ya ba yara baya. In ya gama ya juyo ya ce, "Kun gane?" su kuma su amsa baki ɗaya, "E, Malam," ya ci gaba. Bai sani ba cewa a cikin ajin nan akwai waɗanda in aka ce su tara 1/2 da 1/3 za su rubuta 2/5, don sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ashe yaron da bai san 5/6 ne amsar wannan ba, ina zai kama zaren aljabra? Ga kuma matsalar harshe. Sau da yawa malamin daga Kudu aka turo shi, ba ya jin Hausa, su kuma yaran Turancinsu bai nuna ba. Minti 40 ya ƙare, kowa ya tashi yana zaton an yi karatu.

Irin wannan kuskure sai ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito yake bayyana, a lokacin kuwa mai bautar ƙasan ya daɗe da karɓar takardar sallama. Yaron da ya rasa kiredit a lissafi ya yi ban kwana da karatun likita, da injiniya, da sauran fannonin kimiyya. Sa'an nan iyaye su yi ta tsine wa malamin, a bar jaki ana dukan taiki.

Gama wa ya taɓa shiga ajinsa ya ga yadda yake koyarwa? A makarantu da yawa iyakar dubawa ita ce a sa hannu a littafin shirin darasi ran Litinin. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce ɗalibai 40 ga malami guda a babbar sakandare, amma kowa ya leƙa makarantun gwamnati na cikin birane ya san an wuce nan da nisa. An kafa hukumar bautar ƙasa a 1973, an kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, duk da haka har yanzu sanin lissafi da iya koyar da shi ana ɗaukarsu abu guda. Ko tela ba ya ba ɗan koyo shadda ya yanka a makon farko ba tare da ya tsaya a kansa ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Japan tun 1989 ta fara tsarin haɗa sabon malami da gogaggen malami na tsawon shekara guda. A Ingila kuma daga 2021 an mai da wa'adin shekara biyu, ana rage wa sabon malami yawan darussa don ya sami lokacin koyo.

Ba sai an jira Abuja ko wani sabon kasafin kuɗi ba. Shugaban makaranta yana da ikon ya ce shugaban sashen lissafi ya riƙa zama a bayan ajin sabon malami sau ɗaya a mako cikin zangon farko, bayan an tashi su zauna su biyu, ba a gaban yara ba. Shi ma sabon a ba shi dama ya je ya kalli darasin tsohon hannu. A makon farko kuma, kafin ya taɓa manhaja, ya ba ajin tambayoyi goma na tarawa da rabawa da ɓangarorin lamba, ya duba takardun da kansa, don ya san inda yaran suka tsaya. Makarantar da ba ta da tsohon malamin lissafi ko ɗaya, kuma akwai su da dama a karkara, alhakin ofishin ilmi na shiyya ne ya turo mata wani daga makaranta mafi kusa, ko da sau biyu ne a wata.